Sayen motar iyali: A fara daga kujerar baya

Duk wanda ya taɓa raka wani sayen mota ya san yadda abin yake tafiya. A buɗe bonet a saurari ƙarar inji, a zaro sandar baƙin mai a duba, a ƙwanƙwasa bodi don a gane ko an taɓa yin fenti, a kunna esi, a tambayi takardun kwastan. Daga nan sai ciniki.

A duk tsawon wannan bincike da wuya ka ga wanda ya buɗe ƙofar baya ya zauna na minti ɗaya, balle ya laluba ya ga ko bel ɗin da ke wurin yana aiki. Alhali da aka tambayi mai sayen dalilin sayen motar, cewa ya yi saboda iyali. To iyalin nan a baya za su zauna.

Ra'ayina shi ne mun juya tsarin sayen motar iyali a bai-bai. Magidancin da ke da ƙananan yara ya kamata ya fara da tambayar yara nawa zai iya ɗaurewa a bayan motar, kowa a mazauninsa. Sai motar ta ci wannan jarrabawa sannan a zo maganar inji da launi da abin da maƙwabta za su ce. Idan aka bi wannan hanya, sau da yawa motar da za ta yi nasara ita ce wagon ko ƙaramar bas ta iyali, ba jif ɗin da ido ya fi so ba.

Hannun uwa ba bel ba ne

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Ita dai hukumar ta ce kujerar yara ta mota na iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin 100.

Amma a garuruwanmu hoton da aka saba gani daban ne. Uwargida a gaba da jariri a cinya, yara uku ko huɗu a baya, ɗaya a tsaye tsakanin kujerun gaba yana kallon hanya, wani ya leƙo da kai ta taga. Ba don ba a son yaran ba. Ana ganin ai babu inda ya fi hannun uwa tsaro.

Lissafi bai yarda da haka ba. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wanda gudu ne na cikin gari, idan ta daki abu ta tsaya cak, daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato saman bene mai hawa uku. A wannan ƙiftawar ido nauyin duk abin da ke cikin motar yakan ninka sau ashirin ko fiye. Jariri mai kilo 10 ya zama kilo 200, buhun siminti huɗu ke nan. Babu uwar da ke da hannun riƙe wannan, komai ƙaunarta.

Idan kuma ita uwar ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai danne yaron a jikin dashbod. Idan ta haɗa kanta da shi a bel ɗaya, nauyinta ne zai matse shi a jikin bel ɗin. Idan jakar iska ta gaba ta fashe, kan yaron za ta fara samu. Shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gargaɗin kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a kujerar gaba.

Bel ɗin mota kuwa don jikin babba aka ƙera shi. A jikin ƙaramin yaro igiyar kafaɗa kan wuya take hawa, ta ƙugu kuma ta hau kan ciki, inda babu ƙashin da zai tare ta. Aikin kujerar yara shi ne cike wannan giɓi har yaro ya yi tsawon da bel zai zauna masa daidai. A Birtaniya doka ta ce sai yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 kafin ya rabu da ita.

Ma'anar wannan ga mai sayen mota a bayyane take: duk yaron da ke gidanka da bai kai wannan mizani ba yana buƙatar mazauni cikakke, mai bel ɗinsa, mai faɗin da kujera za ta zauna. Ba a cewa su matsa su gyara wa ƙaninsu.

Ƙirga yara kafin ka ƙirga kuɗi

Mujallun mota na Turai idan suna maganar motar iyali, mata da miji da yara biyu suke nufi. Mu ba haka gidajenmu suke ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace ɗaya ya kai 5.3 a ƙasa baki ɗaya, a Arewa maso Yamma kuwa 6.6. Ga 'ya'yan 'yan'uwa da ake riƙo, ga mai aiki, ga kaka da za a kai asibiti.

Don haka lissafin farko a gida ake yin sa, ba a wurin dillali ba. Yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara 12 a yau? Nawa ake sa ran za su zama nan da shekara biyar, tunda mota ba riga ba ce da ake sauyawa duk sallah? Manya nawa ne ke shiga motar a tafiyar yau da kullum?

Mai yara biyu, kusan kowace mota mai ƙofa huɗu za ta ɗauki kujerunsa. Matsala tana farawa ne daga na uku. Faɗin kujerar yara ɗaya yakan kai santimita 44 zuwa 48. Uku a jere suna neman wajen santimita 135 ko fiye, kuma a samu wurin da hannu zai shiga ya maƙala bel. Motoci da yawa da ake kira masu ɗaukar mutum biyar ba su da wannan faɗi, domin mazaunin tsakiya ɗan tudu ne kawai da aka matse tsakanin manyan mazaunai biyu.

Ari tef ɗin awo na tela ka sa a aljihu ranar da za ka je kallon mota. Ya fi maka amfani a kan abokin da ya raka ka don ya ce motar ta yi kyau.

Wagon: motar da muka raina

Iyayenmu sun san darajar wagon. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 mai dogon baya ta yi shekaru tana ɗaukar iyalai daga Kano zuwa Maiduguri, daga Sakkwato zuwa Jos. Akwai samfurinta mai layin kujeru uku. Sannu a hankali wagon ta koma motar tasha, Golf wagon ta gaje ta a hanyoyin ƙauye, har ta kai ma'aikacin da ya samu ɗan hali yana jin kunyar a gan shi a cikinta, kada a ɗauka lodi yake yi.

Wannan kunya tana jawo mana asara. Wagon salun ce da aka miƙar da rufinta har ƙarshe. Injinta na salun ne, shan manta kusan ɗaya ne, gyaranta iri ɗaya ne. Abin da ta ƙara shi ne but mai girma da faɗin baki, inda keken jariri da jakunkuna da kular abinci da buhun shinkafa za su shiga ba tare da an ɗora komai a cinyar yara ba. Ga ta ƙasa-ƙasa, tana kama hanya, ba ta da saurin kifewa a kwana ko idan taya ta fashe. Yaro ɗan shekara huɗu zai hau da kansa, uwa mai ciki ba sai ta ɗaga jariri sama ba kafin ta sa shi a kujera.

A kasuwarmu ana samun Toyota Avensis wagon, da Passat wagon, da Fijo 406 da 307 da 508 masu dogon baya, da Volvo V70, da Marsandi wagon. Tunda ba a rububinsu kamar jif, sau da yawa kuɗinsu ya fi sauƙi a kan jif mai shekaru iri ɗaya.

Sai dai a faɗi gaskiya a kan iyakarta. Tsawo wagon ta ƙara, ba faɗi ba. Kujerar bayanta ita ce dai ta salun ɗin da aka ƙera ta a kai. Ga mai yara biyu, ko uku idan babban ya kusa rabuwa da kujera, ta wadatar. Wanda ke da ƙanana uku ko huɗu a jere, dole ya duba gaba.

Kuma but ɗin wagon a buɗe yake da inda mutane suke. Tukunyar gas ko akwatin da aka ɗora sama da tsayin jinginar kujera, ranar da aka taka birki da ƙarfi kan yara zai sauka. A sa kaya masu nauyi a ƙasa, a jingine su da bayan kujera, a ɗaure su, a yi amfani da ragar da ke raba but da mazauni idan motar tana da ita. But ɗin kuma ba wurin zaman yara ba ne, ko da tafiyar daga gida zuwa Islamiyya ce.

Idan yara sun haura uku

A nan ƙananan bas na iyali suke da bakin magana: Toyota Sienna, Honda Odyssey, Volkswagen Sharan, Ford Galaxy, Fijo 5008. Su ma tasha ta ɓata musu suna, musamman Sharan da Sienna, amma dalilin da ya sa direbobin haya suka rungume su shi ne dalilin da ya sa suka dace da iyali: fili, juriya, da samun kayan gyara.

Sharan da Galaxy da 5008 suna da kujeru uku masu cin gashin kansu a layi na biyu, kowace da faɗinta. Wannan ne ke warware matsalar kujerun yara uku a jere. Sienna da Odyssey na Amurka kuma suna da ƙofofi masu zamewa, waɗanda duk wanda ya taɓa ƙoƙarin fito da jariri a matsattsen wurin ajiye motoci ya san amfaninsu. Yaro kuma ba zai banko ƙofa a gaban mai babur ba.

Layi na uku yana da nasa sharuɗɗa. A wasu motocin, irin su ƙananan masu kujera bakwai, mazaunin ƙarshe yana dab da ƙofar but, ga shi idan an buɗe shi wurin kaya ya ƙare. Ka zauna a wurin da kanka. Ka duba ko akwai matashin kai, ko bel ɗin mai ratsa kafaɗa ne, ko iskar esi tana isa can. Ka kuma gwada ko za a iya wucewa zuwa baya bayan an ɗaure kujerun yara a layi na biyu, domin a wasu motocin sai an naɗe kujerar tsakiya kafin a shiga, kuma ba za ka riƙa kwance kujerar jariri kullum da safe ba.

To jif fa?

Masu son jif suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Hanyoyin unguwanninmu da damina sai mota mai tsayi. Ramuka da tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama suna cin ƙasan ƙaramar mota. Wanda ke zuwa ƙauye duk mako a kan burji yana da dalilin neman tsayi. A karo tsakanin babbar mota da ƙarama kuma, nauyi yakan taimaki na cikin babbar.

Amma a duba ɗaya gefen. Mota mai tsayi ta fi saurin kifewa, musamman tsofaffin jif da ba su da na'urar daidaita mota idan ta fara zamewa. Amurka ba ta wajabta wannan na'ura a kan duk sababbin ƙananan motoci ba sai daga samfurin 2012, kuma jif da yawa da ke yawo a titunanmu sun girmi wannan shekara. Sannan tsayin jif yana ɓoye abin da ke dab da ita. Yaro ɗan shekara biyu da ya biyo babansa tsakar gida ba ya fitowa a madubi lokacin da ake ribas. Kyamarar baya ba ta zama dole a sababbin motocin Amurka ba sai a watan Mayun 2018.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne girman jif a waje yake. Ƙananan jif da yawa ba su fi salun faɗin kujerar baya ba, but ɗinsu kuma bai kai na wagon tsawo ba. Kana biyan kuɗin tsayi da manyan tayoyi da ƙarin mai, yaranka kuma suna matse kamar da.

Idan hanyarka ce ta tilasta maka jif, saye ta, amma ka auna bayanta da tef kamar kowace mota. Idan kuwa daga gida zuwa ofis zuwa makarantar yara ne a kan kwalta, ka tambayi kanka tsakani da Allah ko hanya ce ke neman jif ɗin ko idon jama'a.

Abin da za ka laluba a bayan motar

Na farko, maƙalan kujerar yara. Ka tura yatsu tsakanin mazauni da jingina a kujerar baya, za ka ji wasu ƙananan ƙarafa biyu masu tazarar santimita 28. A motocin Turai sunansu ISOFIX, a na Amurka LATCH. Su ne ke riƙe kujerar yara kai tsaye a jikin ƙarfen mota, su rage kuskuren ɗauri. Amurka ta wajabta su tun Satumban 2002, Tarayyar Turai kuma a kan duk sababbin motoci daga Nuwamban 2014. Ka ƙirga mazauni nawa ne ke da su. A yawancin motoci biyu ne kawai, na dama da na hagu.

Na biyu, maƙalin sama. Kujerar da ke kallon gaba tana da igiya a bayanta da ake maƙalawa a wani ƙarfe a bayan jingina ko a ƙasan but ko a rufi. Ita ke hana kan yaro wullowa gaba da nisa. Ka nemi alamar anka, kada ka maƙala a ƙugiyar ɗaure kaya.

Na uku, bel ɗin kansa. Ka zaro kowane ɗaya har ƙarshe, ka duba ko ya tsage ko ya ƙone da rana, ka fizge shi ka ga ko yana cijewa, ka maƙala ka ji ƙarar kamawa. Motoci da yawa da suka yi hannu biyu ko uku a nan gida, an tura maƙalan bel ɗinsu ƙarƙashin kujera ko mai ɗinkin kujera ya rufe su da leda. A tsofaffin motoci bel ɗin tsakiya na ƙugu ne kawai, wanda bai dace da kujerar ɗaga yaro ba, domin ita sai da igiyar kafaɗa.

Rashin ISOFIX ba ya hana ɗaura kujera. Bel ma yana yi idan an bi ƙa'ida. A motocin Amurka daga 1996, idan ka zaro bel ɗin fasinja har ƙarshe ka sake shi a hankali zai kulle ya riƙe kujera gam. Motocin Turai da yawa ba su da wannan, don haka kujerar da za ka saya ta zama mai nata makullin bel. Bayan ɗauri ka girgiza ta daga gindi. Idan ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, ba ta ɗauru ba.

Na huɗu, tazara tsakanin gaba da baya. Jariri baya yake kallo, domin kansa ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Ƙa'idar Turai ta i-Size ta ce aƙalla har wata 15, a Suwidin kuwa, inda aka fara wannan dabara a shekarun 1960, iyaye kan kai shekara huɗu. Irin wannan kujera tana cin wuri. Ka gyara kujerar direba daidai tsawonka, sannan ka ga ko ta jariri za ta shiga bayanka. Kada kuma a taɓa sa ta a gaba inda jakar iska ke aiki.

Na biyar, makullin yara a gefen ƙofofin baya, da maɓallin da ke hana su sauke gilas, da hurumin esi na baya. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40. Cikin motar da aka rufe yana ƙara kusan digiri 10 a minti goma, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar. Esi mai isa baya buƙata ce, kuma ba a barin yaro a mota ko da "yanzu zan fito" ne.

Hanya mafi sauƙi ta gane duk wannan ita ce ka sayi kujerun kafin motar, ko ka ara, ka tafi da su wurin dillali ka ɗaura. Dillalin da ya hana ka gwadawa ya rage maka wahala, ka wuce gaba.

"Sabuwa" a wurinmu

Mu faɗa wa juna gaskiya, sabuwar mota a bakin yawancinmu tana nufin 'yar Kwatano ko Beljiyam, wadda wani ya hau shekara goma a wata ƙasa. Wasu lafiya lau suka zo. Wasu kuwa daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye aka sayo su, aka buga bodi aka fesa fenti.

Fenti ba ya dawo da jakar iskar da ta riga ta fashe, ba ya dawo da na'urar da ke ɗame bel a lokacin karo, wadda sau ɗaya take aiki. Idan ka murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kamata ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. Idan ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a rufe maka ido. Ka sa mai kwamfutar gwajin mota ya duba, wanda kai ka kawo shi, ba na dillali ba.

Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 tana jikin gilashin gaba ta gefen direba. Idan motar daga Amurka ta fito, da ita za ka ga tarihinta a intanet, har da hotunan gwanjo a wasu lokutan. Da ita kuma za ka duba a shafin hukumar NHTSA ko motar na cikin waɗanda aka yi wa kiranye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jakunkunan iska na kamfanin Takata, da aka sa a miliyoyin motocin Honda da Toyota da Nissan da Ford da BMW, sukan tarwatse su watsa ƙarfe, kuma zafi da laima da tsufa ne ke ƙara musu haɗari.

Kujerar yaran ma haka take. Ta gwanjo tana da arha, amma ba ka san ko ta taɓa shiga haɗari ba. Roba tana tsufa, shi ya sa masu ƙerawa da yawa ke sa wa'adin shekara shida zuwa goma. Ka duba ranar ƙira a jikinta, da takardar shaidar inganci, wadda a kujerun Turai ruwan lemo ce mai ɗauke da R44 ko R129. Wadda ka san tarihinta daga gidan ɗan'uwa ta fi wadda aka zube a bakin titi. Waɗannan 'yan katifu masu igiya da ake tallatawa a Facebook da Instagram da sunan kujerar mota kuwa, ba su da ƙashin da zai kare kowa.

Maganar aljihu

Na san abin da mai karatu zai ce: ana fama da abinci da kuɗin makaranta, wa ke ta kujerar yara? Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan da ya biyo baya, kuɗin mota da na mai sun yi tashin da ya sa magidanta da yawa jingine motocinsu.

Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa zaɓin ke buƙatar natsuwa. Sienna mai inji V6 takan sha wajen lita 12 zuwa 13 a kilomita 100, wagon mai silinda huɗu kuma wajen 8 zuwa 9. Ga mai yin kilomita 1,000 a wata, bambancin ya kai lita 40. Ka ninka da farashin lita a gidan man unguwarku ka ga abin da ya kama a shekara. Mai yara biyu da ya sayi babbar bas yana ƙona kuɗi a kan kujerun da babu kowa. Mai yara biyar da ya sayi salun don tsimin mai kuma ya yi tsimin a kan lafiyar yaransa.

Mai niyyar mayar da motarsa mai amfani da iskar gas ta CNG ya tuna tukunyar a but take zama. A wagon za ta ci wuri amma a samu saura. A mota mai kujera bakwai tana iya cinye layi na uku gaba ɗaya.

Kafin ka biya, ka zaga Ƙofar Ruwa idan a Kano kake, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka tambayi kuɗin shokozoba da famfon mai da gilashin baya na motar da kake so. Wagon ɗin Turai mai arhar saye tana iya zama mai tsadar riƙo idan bakaniken garinku bai san ta ba.

Kuɗin kujerun kuma a sa shi cikin kuɗin motar tun farko, kamar yadda ake sa kuɗin lamba da inshora. Wanda ya iya haɗa miliyoyin sayen mota, ya kuma samu na sauya rim da baƙin gilas da allon kallo, bai rasa na kujera ba. Idan kuɗin bai kai ba, a sauko da shekarar motar da ɗaya, ko a haƙura da kujerun fata. Kujera mai kyau kuma ƙanne suna gadonta.

Ba aikin magidanci kaɗai ba ne

Akwai rabon hukuma. Kujerar yara kayan ceton rai ce, ya kamata gwamnati ta sauke mata harajin shigowa, hukumar kula da ingancin kaya ta SON kuma ta tsare kasuwa daga na jabu. FRSC, wadda aka kafa tun 1988, ta yi nasarar sa direbobi ɗaura bel a gaba. Lokaci ya yi da za ta mayar da hankali baya, ta fara da koyarwa kafin tara, domin tara ba tare da wayar da kai ba wata kafar karɓar na goro ce kawai.

Asibitocin haihuwa ma suna da dama a hannunsu. Ungozomar da ke koya wa mai jego shayarwa da kwanan rigakafi za ta iya ƙara minti biyu a kan yadda jariri zai koma gida. Makarantu masu zaman kansu da ke cusa yara ashirin a bas mai kujera goma sha huɗu su ma iyaye su fara yi musu tambaya.

A cikin gida kuma, a daina sayen motar iyali a ɓoye don a yi wa uwargida ba-zata. Ita ce ta san wanda ke amai a tafiya, da wanda ke buɗe ƙofa, da yawan kayan da ake fita da su. A gidaje da yawa ma ita ke kai yara makaranta. A tafi da ita, ta zauna a baya, ta ɗaura jaririn da hannunta, ta faɗi abin da ta gani.

Yara za su yi kuka a makon farko, kaka za ta ce an ɗaure mata jika kamar ɗan akuya, abokai za su yi tsiyar cewa ka sayi motar haya. Duk wannan mai wucewa ne. Yaron da aka saba masa tun yana jariri, shi da kansa zai riƙa tuna maka idan ka manta.

Babu motar da ke hana ƙaddara, amma rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin a ranar ciniki ake yin sa. Motar da ta dace da gidanka ita ce wadda kowane yaro ke da mazauninsa da ɗaurinsa a ciki, wadda kuma za ka iya zuba mata mai har ƙarshen wata. In ka samu wannan, ko wagon ce ko bas, ka biya ka karɓi makulli.